Dakta a bayofiziks, ta ina zan fara?

Ɗan Garwa: Salamu alaikum 'yan uwa, na gama masta a fiziks, wallahi raina na kan bayofiziks, yadda furotin ke naɗewa da yadda jijiya ke aika saƙo, to ina zan yi dakta?

Na Marwa: Ƙanena duba jami'ar Yawunde 1 ta Kamaru, sashen fiziks ɗinsu suna yi, a tsarin LMD (digirin farko, masta, dakta) dakta shekara 3 ne a takarda amma yakan wuce, ka fara samun malamin da zai riƙe ka tukuna.

'Yar Kusiri: Kayan gwaji tsada gare su sosai shi yasa da yawa lissafi suke a kwamfuta, ka koyi Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, tun yanzu. Ka leƙa ICTP, cibiyar nazarin fiziks ta duniya a Italiya ma.

Ɗan Garwa: Na gode yaya. Ingilishi fa, dole ne?

'Yar Kusiri: Dole, yawancin mujallun da shi ake rubutawa.