Auta za ta Ingila karatu, Kawu ya ce asarar kuɗi ce

Kawu: Salamu alaikum. Na ji wai Auta ta samu gurbi a Ingila za ta karanta ilimin halayyar ɗan Adam. Ni dai ba zan ɓoye ba, wanda ya koyi wannan abu a hannun Bature ba zai iya duba ɗan Zango ba. Bature ya san iska ne? Ya san sammu? Ai nan Ghana a jami'ar Legon ma ana koyarwa

Anti Nas: Yaya, maganarka da ƙamshin gaskiya amma ba duka ba. Tunda na fara aiki ban taɓa jin tsohuwar unguwar Nima a Accra ta zo ta ce tana da difireshan, wato ciwon damuwa, ba, cewa take ƙirjina ya yi nauyi, kaina na zafi, barci ya ƙi, sai ka zauna da ita sannan ka ji ashe ɗanta ne ya bi hanyar Libiya shekara biyu shiru. Wanda bai iya saurare ba maganin ciwon kai zai ba ta ya sallame ta, kuma ko a nan ya yi karatu hakan zai yi

Malam: Addu'a da ruƙiya ba mu bar su ba. Amma Alhaji ka tuna yaron layinmu da aka kai wurin mai magani aka sa masa mari wata uku, har yau tabon na nan a idon sawunsa. Namu ne suka yi masa haka

Auta: Kawu don Allah ka yi haƙuri in sa baki. Dakta Lambo, likitan ƙwaƙwalwa na Najeriya, a Ingila ya yi karatu, ya dawo asibitin Aro a Abeokuta, a 1954 ya fara zaunar da marasa lafiya a gidajen ƙauye tare da danginsu, har masu maganin gargajiya ya jawo jiki. A Zimbabwe kuma Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata suna zama a benci suna sauraron mutane, ciwon ma kufungisisa suke ce masa, wato yawan tunani, kamar dai yadda muke faɗa. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku muka daɗe da su, Accra da Pantang da Ankaful, duk a kudu, mutumin Tamale fa?

Kawu: To na ji. In kin dawo ke nan. Nas nawa suka tafi da sunan za su dawo?

Anti Nas: Wannan kam ni ma ita ce ke cikina wallahi

Auta: Saboda irin yaron nan zan tafi Kawu, insha Allahu zan dawo

Kawu: Ki zo gida bayan la'asar, ki taho da takardar in gani