Wa ya taɓa jinyar yaro a asibitin uwa da yara na Njamena?

Maman 'yan biyu, Kuseri: Salamu alaikum 'yan uwa. An ba mu takarda mu kai autana asibitin Mère et Enfant na Njamena. Jininsa ke ta ƙarewa, karo na 3 ke nan tun faɗuwar damina. Surukata ta ce asibitin koyarwa ne, wai ɗalibai za su mai da shi allon koyo. Don Allah wanda ya taɓa kwanciya can ya faɗa mini gaskiya.

Hajiya, Digel: Wa alaikumus salam 'yata. Kwana 9 na yi can da jikana. Safiyar farko mutum kusan goma masu farar riga suka kewaye gadon suna ta Faransanci, gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, yaron nan tafiya zai yi. Ashe zagayen duba marasa lafiya ne, kullum sai an yi. Ki lura da kyau: mai jefa tambaya shi ne babba, mai share gumi shi ne ɗalibi. Ɗalibar da aka ba gadonmu kuwa, har abin da yaron ya ci mako biyu baya sai da ta tambaye ni, don ta san gobe malaminta zai tsare ta a gaban jama'a. Ni dai ban taɓa ganin an saurari tsohuwa irin haka ba.

Direba, Farsha: Hajiya ta gama magana. Nawa ƙarin shi ne jini. Zazzaɓin cizon sauro in ya yi tsanani jinin yaro yake cinyewa, kuma a damina masu nema sun yi yawa. Ki taho da maza biyu masu lafiya da za su iya bayarwa, ku haye gadar Ngeli da wuri. Ki zo da mai jin Larabcin Cadi ko Faransanci, da karne, wato katin rigakafin yaron.

Baban yara, Marwa: Ni fa ina bayan surukarki. A wani asibitin, ba wannan ba, sau 4 wani ɗalibi ya soki 'yata yana neman jijiya, tana ihu har muryarta ta dushe. Daga ƙarshe wata tsohuwar nas ce ta zo ta samu a tashi ɗaya. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ma'aikaciyar jinya, Marwa: Malam, Allah ya ba ka haƙuri, kuma kana da ikon cewa a kira babba tun a suka ta biyu. Sai dai jijiyar yaron da ruwan jikinsa ya ƙare takan ɓace wa kowa.

Maman 'yan biyu, ƙarewar jini sau 3 ce ta tsaya mini a rai. Ki roƙi a yi masa gwajin sikila, amma a ɗebi jinin gwajin kafin a ƙara masa. In an riga an ƙara, jinin mai bayarwa yakan gauraya da nasa, sakamakon ya ruɗe, sai an jira wajen wata 3. Kuma kada ki ɓoye komai: in an cire masa beli, ko an ba shi jiƙo, ki faɗa. Ba don a yi miki faɗa ake tambaya ba.

Malamin makaranta, Garwa: Akwai abin da ba a taɓo ba, takardar bincike. Lokacin da tamowa ta kwantar da 'yata, igiyar awon dantse ta nuna ja, ƙasa da santimita 11.5, aka kawo mini takarda wai ko za mu shiga wani nazari. Na ce sai an karanta mini ita daga farko har ƙarshe. Aka karanta, na ce a'a, kuma madarar F-75 ɗinta, wadda ake ba masu tamowa, ba ta fasa zuwa ba. Ƙa'idar ke nan: ƙin sa hannu ba ya rage wa yaro magani, in ka shiga ma kana iya fita. Da a yau ne wataƙila da na yarda. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro da Kamaru ta fara ba jarirai a Janairun 2024, sai da aka fara ba yaran Gana da Kenya da Malawi tun 2019, iyayensu kuma mutane ne kamarmu.

Hajiya, Digel: Malam, ni da ba ta karatun boko fa?

Malamin makaranta, Garwa: Hajiya, sai a fassara miki a gaban shaidan da ba ma'aikacin binciken ba ne, sannan ki dangwala in kin ga dama.

Maman 'yan biyu, Kuseri: Na gode, Allah ya bar zumunci. Mun iso jiya da hantsi, ƙanin babansu ya ba da jini. Na yi maganar gwajin, an ɗiba kafin a ɗaura masa ledar. Yau ya sha kunu rabin kofi. Masu zagayen sun zo su 8, na kuwa gane mai gumin. Hajiya, a wace kasuwa kika riƙa sayen gawayi da tabarma a kusa?