Me ya sa tagar jirgi ba ta jiƙewa idan ya shiga gajimare?

Maman Ilham: Salam jama'a, dan Allah masu ilimin abin ku taimaka min. Satin da ya wuce na hau jirgi daga Kano zuwa Abuja, hawana na farko kenan, kuma Allah ya sa na samu kujerar taga. Muna tashi ba a jima ba muka kutsa cikin gajimare, fari fat ko fiffiken jirgin ba a gani sosai, ni dai na zuba ido ina jiran gilashin ya jiƙe tunda tun a firamare aka ce mana gajimare ruwa ne, amma wallahi har muka ɓullo ta sama ko ɗigo ɗaya babu. Yarona ya tambaye ni na rasa me zan ce masa, abin ya tsaya min a rai. Zafin inji ne ke busarwa ko wani magani suke shafa wa gilashin?

Ɗan Fagge: Wslm Hajiya, gudu ne kawai. Abin da ke cin kilomita 800 zuwa 900 a awa ɗaya ina ruwa zai samu wurin zama a jikinsa.

Baban Sadiq: Ɗan Fagge ka kama hanya amma da saura. Hajiya malaman firamare ba su yi ƙarya ba, ruwa ne, sai dai ɗigon ƙanana ne ƙwarai, kaurin guda bai kai na silin gashi ba, sai an tara kamar miliyan ɗaya kafin a samu ɗigon ruwan sama guda irin wanda ke dukan kwano. Kuma ruwan ma ba shi da yawan da ido ke nunawa, da za a cika ɗakin kwananki da irin farin gajimaren nan a matse shi da ƙyar a samu cokali ɗaya ko biyu.

To abu mara nauyi haka iska yake bi duk inda ta yi. Hancin jirgi na tsaga iska tana darewa tana bin gefensa, su ma ɗigon sai su bi ta su wuce, ita kuma tagarki a gefe take kwance da hanyar iskar, ba ta fuskantarta. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Zariya da daddare a damina ya sani, ƙwari gilashin gaba suke fashewa a kai, na gefe kuwa tas za ka same shi. Ɗan abin da ya samu ya taɓa tagar kuma nan take iska ta shafe shi ya bushe kafin ido ya kama. Zafin inji kam babu ruwansa a ciki.

Ummu Haidar: Ni fa ban yarda ba ta jiƙewa ba, mun taɓa sauka Legas ana tsuga ruwa na ga ruwa a tagar da idona, sai dai a kwance yake gudu yana yin baya kamar zare, ba ƙasa yake gangarowa ba.

Baban Sadiq: Gaskiyarki Anti, wannan ruwan sama ne sosai ba gajimare zalla ba, ɗigonsa na da nauyi iska ba ta iya kautar da shi, ga shi lokacin sauka an rage gudu. Shi ya sa ma gilashin matuƙa na gaba yake da waifa kamar na mota, kuma ana ɗumama shi da lantarki.

Malam Na Jos: Ku ƙara da wannan, idan jirgi ya kai can sama wajen mita 10,000 sanyin yakan kai digiri 50 ƙasa da sifili, gajimaren wurin ƙanƙara ce gari-gari, busasshiya, ko ta taɓa gilashi zamewa take. Wanda matuƙa suka fi tsoro shi ne na tsaka-tsaki, ruwan da ya yi sanyin daskarewa amma bai daskare ba, yana dukan bakin fiffike sai ya zama ƙanƙara ya manne ya ɓata yadda iska ke ɗaga jirgin, dole ake turo iska mai zafi daga inji ana gasa wurin. To a nan ne zafin injin da kika ambata yake aiki Hajiya, ba a taga ba.

Maman Ilham: Allah ya ƙara ilimi, misalin ƙwarin nan shi zan ba yaron. Amma akwai wani ɗan huji da na gani a ƙasan tagar, sai da gabana ya faɗi, na ɗauka fashewa ce.

Malam Na Jos: Ki kwantar da hankalinki, da gangan aka yi shi. Tagar hawa uku ce, hujin a ta tsakiya yake, yana daidaita matsin iska yadda ta waje ce za ta ɗauki nauyin, kuma yana rage gumin da ke taruwa tsakaninsu. Ranar komawa Kano ki duba da kyau, wani lokaci za ki ga 'yar ƙanƙara kamar fure ta fito a kewayensa.