Shirin Doguwar Tafiya a kan Babur

Waɗanda suka saba doguwar tafiya a kan babur sun yi ittifaƙi cewa yawan kaya ne ya fi wahalar da matafiyi. Shawararsu ita ce a sa masu nauyi a ƙasa, kusa da tsakiyar babur, a kuma daidaita ɓangarorin biyu, domin kayan da suka rinjayi gefe ɗaya kan sa babur ya ƙi miƙewa, musamman a kwana. Rigar ruwa kuwa ta kasance a sama. Kafin tashi, a duba birki da sarƙa da iskar taya tun ba ta yi zafi ba, a riƙe kayan faci. An sami saɓani kan nisan tafiyar yini, amma mafi rinjaye sun ce a yada zango kafin duhu.