Bindiga ce ta riƙe wa Hitler Jamusawa, ko munafukai?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Yau raina a ɓace yake. Shekaranjiya na yi ƙorafi a nan cewa wata biyu ke nan ba a biya mu albashi ba. Jiya da safe oga ya kira ni ofis, bai ce komai ba, ya juyo min wayarsa. Sai ga hoton maganata, har da sunana a sama. Wato a cikinmu nan aka ɗauka aka kai masa. Shi ya sa kullum nake cewa Hitler bai riƙe Jamusawa shekara 12 da bindiga ba, da munafukai ya riƙe su. 'Yan sandan asirinsa na Gestapo ba su da wani yawa. A yankin Würzburg mai mutum kusan miliyan ɗaya, jami'ansu ba su kai 30 ba. Maƙwabta ne ke aika musu wasiƙu: wane ya zagi gwamnati a mashaya, wance tana hira da Bayahude. Wanda ya kai ni, ka ji danginka.

Malam Mai Almajirai: Wa alaikumus salam. Allah ya huci zuciyarka. Amma ka janye kalmar munafukai. Munafunci hukunci ne mai nauyi, ba a jefa shi kan mutum don ɓacin rai. Mai kwasar magana daga nan ya kai can, sunansa annamimi.

Ɗan Fagge: Allah gafarta Malam, mu a Kano duk wanda ya kwashi magana ya kai, munafuki muke ce masa.

Uwar Biyu: Mu ma a cikin gida haka. Annamimi sai a wajen wa'azi nake jin ta.

Malam Mai Almajirai: Hajiya, yawan masu faɗa ba ya gyara kuskure.

Ɗan Damagaram: Ni ina bayan Malam, amma ta wata hanya. Munafuki shi ne mai fuska biyu. Bajamushen da ya yarda da Hitler har zuci, ya ga maƙwabcinsa na zaginsa ya kai ƙara, ai wannan fuskarsa ɗaya ce. Mugu ne, ba munafuki ba. In dai munafuki kuke nema, shi ne wanda ke ɗaga hannu a titi ya ce Heil Hitler, ya koma ɗaki yana tsine masa.

Ɗan Fagge: To ka ji! Yanzu wanda aka zalunta ne ya zama munafuki, mai kai shi kuma mai gaskiya. Ɗan Damagaram, me ya sa wannan fassarar ta yi maka daɗi haka?

Ɗan Damagaram: Yaya, ni ina Zinder. Ogan naka ko sunansa ban sani ba. Kar ka shafa min kashin kaji.

Malamin Tarihi: Ku bari in sa baki, tunda wannan nake koyarwa. Ɗan Fagge, adadin da ka kawo haka yake. Masu binciken da suka bi fayilolin Gestapo da suka tsira a Würzburg da Düsseldorf sun tarar da shari'o'i masu yawa daga ƙarar mutanen gari suka faro, wasu ma ba siyasa ce ta kawo su ba: hassadar kasuwa, rigimar haya, auren da ya yi tsami. Amma ta wutsiya ka kamo zancen. Wasiƙar maƙwabci takarda ce kawai in babu inda za a kai wanda aka yi ƙara. An naɗa Hitler shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairu 1933. Ranar 27 ga Fabrairu ginin majalisar dokoki ya kama wuta, washegari aka fito da dokar da ta dakatar da 'yancin magana da na taro da na jarida, 'yan sanda suka samu damar tsare mutum ba kotu. Aka kwashe 'yan gurguzu dubbai. Ranar 22 ga Maris aka buɗe sansanin tsare mutane na Dachau kusa da Munich, ba a ɓoye ba, a jarida aka sanar don kowa ya ji. Washegari majalisa ta miƙa masa ikon yin doka ba tare da ita ba, ƙuri'a 444 da 94. 'Yan gurguzu 81 da aka zaɓa babu ko ɗaya a zauren, 'yan bangar jam'iyyar Hitler da ake kira SA kuwa sun cika ƙofofi. Ranar 2 ga Mayu aka mamaye ofisoshin ƙungiyoyin ƙwadago. Ranar 14 ga Yuli aka haramta duk wata jam'iyya in ba tasa ba. Cikin wata shida fa. Sandar duka aka fara nunawa, sannan alƙalamin maƙwabci ya yi kaifi.

Uwar Biyu: Malam, mun ji. Amma ba ka faɗa mana ba, munafuki ne ko annamimi?

Malamin Tarihi: Hajiya, ba abin da na zo faɗa ke nan ba.

Malam Mai Almajirai: Ai ba fanninsa ba ne. Wannan maganar lugga ce da shari'a.

Ɗan Fagge: Malamin Tarihi, ranka ya daɗe, amsa min wannan. Daga Satumbar 1939 an haramta sauraron rediyon waje. Mutum ya rufe ƙofa, ya rage murya, ya sa kunne a BBC. Wace bindiga ce za ta ji shi? Sai na jikin bango. Sun ma sa wakilin jam'iyya a kowace unguwa, gida 40 zuwa 60 a hannunsa, ya san wanda bai kafa tuta ba, ya san wanda bai ba da gudummawar agajin talakawa ta hunturu ba. Ɗalibai Sophie Scholl da yayanta Hans da suka watsa takardun adawa da Hitler a jami'ar Munich ranar 18 ga Fabrairu 1943, ba soja ne ya kama su ba. Mai kula da ginin ne ya gan su, ya tsare su.

Malamin Tarihi: Bayan kwana huɗu kuma wa ya yanke musu hukunci? Kotun alƙalin gwamnatin Hitler, Roland Freisler. Ranar da aka yi shari'ar aka sare musu kai, ita tana shekara 21. Mai kula da gini ba shi da wannan wuƙar.

Jikan Soja: Ku daina raina bindiga. Kakana ya yi Yaƙin Hitila a ƙasar Bama (Burma), ya dawo da tabo a cinya da muke taɓawa muna yara. Da munafunci ne kawai, da ba sai an kwashi mutanenmu an kai su wata uwa duniya ba.

Ɗan Damagaram: A Bama da Japanawa aka yi, ba da Jamusawa ba.

Jikan Soja: Kai ka fi kakana sanin wanda ya harbe shi?

Malamin Tarihi: Allah ya jiƙan Baba. Sojojin Najeriya da suka je Bama a runduna ta 81 da ta 82, Japanawa suka fuskanta. Sunan yaƙin ne gaba ɗaya mutanenmu suka laƙaba wa Hitila.

Jikan Soja: To ai ka ji, Yaƙin Hitila. Abin da na ce ke nan. Ɗan Damagaram, ku da Faransa ta mulka, wata nawa ta yi kafin Jamus ta shiga Paris? Ka zo nan kana gyara wa mutane.

Ɗan Damagaram: Ni Faransa uwata ce? In ita za a zaga, ni zan riga ka.

Injiniya: Kullum sharrinsa kuke faɗa. Ku faɗi alherinsa mana. Ya tarar da mutum miliyan 6 ba aikin yi, cikin 'yan shekaru ya ba su aiki. Ya shimfiɗa manyan tituna, ya sa aka yi rediyo mai araha na mark 76 a kuɗin Jamus na lokacin, har mota ya yi wa talaka, Volkswagen. Ba bindiga, ba munafunci, cikin da ya ƙoshi ne ya riƙe su. Ƙasa sai da mai ƙarfi.

Uwar Biyu: Injiniya, kai da ogan Ɗan Fagge ba unguwarku ɗaya ba?

Injiniya: Hajiya, ki kiyaye ni. Ina ganin girmanki.

Malamin Tarihi: Injiniya, akwai ƙanshin gaskiya a maganarka, don mutane da yawa sun so shi da gaske, musamman bayan aiki ya samu. Amma duba kayan da ka lissafo. Rediyon nan shirin ma'aikatar farfaganda ta minista Goebbels ne, don muryar gwamnati ta shiga kowane ɗaki. Motar kuwa adashe aka sa ma'aikata, mark 5 duk mako ana manna musu tambari a kati, kuɗin mota 990. Fiye da mutum dubu 300 suka zuba. Yaƙi ya zo, masana'antar ta koma ƙera wa sojoji motoci, masu zubi ba wanda ya ɗauki kwasarsa. Aikin da ka ce, kaso mai tsoka ƙera makamai ne da aikin soja na dole da aka dawo da shi a 1935. Ma'aikaci ya samu aiki, amma ba shi da ƙungiya, ba shi da yajin aiki. Da Ɗan Fagge a can ya yi ƙorafin albashi, ba ofishin oga za a kira shi ba. Sannan ka tambayi wanda ba a gayyata cin tuwon ba. Yahudawan Jamus ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba a 1933, aka kore su daga aikin gwamnati, dokokin Nuremberg na 1935 suka raba su da cikakken zama 'yan ƙasa, a daren 9 ga Nuwamba 1938 aka ƙona majami'unsu a idon jama'a. Kai kanka da fatarka, a 1937 yaran da sojojin Afirka na Faransa suka haifa a yankin Rhineland an kama ɗaruruwansu an yi musu tiyatar hana haihuwa.

Injiniya: Turawan da suka ci yaƙi ne suka rubuta wannan.

Malamin Tarihi: Jamusawa ne suka rubuta da hannunsu, fayilolin na nan a ajiye.

Malam Mai Almajirai: Har yanzu dai ba a janye kalmar ba.

Ɗan Fagge: Ba zan janye ba, Malam. Ranar da aka juyo maka waya ka ga maganarka, ka zaɓi kalmar da ta yi maka.

Uwar Biyu: Ni abin da ya tsaya min a rai, yaran nan da aka tilasta wa shiga ƙungiyar matasan Hitler. Uwa na dafa abinci tana auna abin da za ta faɗa a gaban ɗan da ta haifa. Wannan yaron me za ku kira shi, munafuki ko annamimi?

Ɗan Damagaram: Yaro ba ya cikin wannan lissafin.

Jikan Soja: Kai dai ba ka rasa gyara.

Shugaban Zaure: Jama'a, ya isa. Saƙo ya haura ɗari, ga yadda muka tsaya. Malam ya yi gaskiya, kalmar da ta dace ita ce annamimi, kuma kusan kowa ya yarda. Malamin Tarihi ya tabbatar da cewa ƙarfin gwamnati ne ya riƙe Jamusawa, don haka maganar Ɗan Fagge ta faɗi, sai dai muna roƙon Malam ya riƙa taƙaitawa saboda masu ƙaramin data. Injiniya ma ya kawo abin dubawa. Batun hoto kuwa, babu hujjar cewa daga nan ya fita, kuma bai kamata a ɓata sunan zaure ba saboda albashin wata biyu, balle ogan nan an san shi da haƙuri da ma'aikata. Daga yau an hana maganar wurin aiki a nan.

Malamin Tarihi: Ban ce maganarsa ta faɗi ba. Cewa na yi rabi ya kawo.

Ɗan Fagge: Wane ne kusan kowa? Ni da Hajiya ba mutane ba ne?

Uwar Biyu: Shugaba, a ina ka san haƙurin ogan nasa?

*Shugaban Zaure ya sauya tsari: shugabanni kaɗai ke iya aika saƙo.*