Tsallaka kogin Lena a watan Mayu, in sayi tikiti ko in dakata?

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna birnin Yakutsk na ƙasar Rasha. Bana na fara karatu a nan. Ina son hawa jirgin ƙasa daga Nizhny Bestyakh wajen 20 ga Mayu, tashar kuwa tana ƙetaren Lena, ga shi babu gada. Da sanyi kogin daskarewa yake yi, ta kan ƙanƙara mota ta tsallaka da mu, amma an rufe wannan hanyar tun Afrilu. Jiragen fito za su fara aiki kafin lokacin?

Yaya Sani:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ranar da ka zaɓa ta faɗa tsakiyar lokacin da ƙanƙarar kogin kan farfashe a daidai Yakutsk. Don Allah ka ɗaga tafiyar.

Lena daga kudu take gangarowa arewa zuwa tekun Laptev. Kudu ke fara narkewa, ruwa ya taho da ƙarfi ya tarar arewa a daskare, sai manyan falankan ƙanƙara su hau kan juna su toshe hanya, ruwa ya koma baya ya hau gari. Haka ta faru a garin Lensk da ke bakin kogin a 2001, ruwa ya cinye kusan garin duka. Shi ya sa za ka ga hukuma tana yanka ƙanƙarar, tana barbaɗa mata garin gawayi don rana ta cinye ta da wuri, in ta toshe kuma a fasa ta da nakiya.

Kafin fashewar akwai ƙananan jiragen nan masu tafiya a kan iska, suna bin ruwa da ƙanƙara duka. Amma da zarar kogin ya motsa, su ma tsayawa suke yi na kwanaki.

Maman Hanifa:
Ƙari a kan maganar Yaya Sani: ko ƙanƙarar ta wuce, kada ka yarda wani ya ɗauke ka a ƙaramin kwale-kwale. Gungumen itatuwa na yawo a ƙarƙashin ruwa, suna karya farfelar inji, ruwan kuma sanyinsa ba ya ba mutum damar iyo. Ni mutanen Zhigansk can arewa nake tausaya wa, nasu ɓangaren kogin yana buɗewa bayan namu, mara lafiya sai jirgi mai saukar ungulu.

Ɗan Gwale:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaushe ke nan?

Yaya Sani:
Mayar da shi makon farko na Yuni, lokacin manyan jiragen fito sun kama aiki. Ka bar gida da sassafe, layin motoci a bakin ruwa yana da tsawo.