Shin koci na shekaru ya fi jadawalin makonni ga mai son zama gwani a tirayatlon?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum. Na shiga gasar tirayatlon ta gajeren zango, wato iyo na mita 750, keke na kilomita 20 da gudu na kilomita 5, kuma na kai ƙarshe duk da cewa ina cikin 'yan baya. Yanzu burina shi ne in koma zangon Olamfik, wato nisan da ake yi a wasannin Olamfik, in kuma riƙa gogayya da na gaba a rukunin shekaruna. Kocin da na tuntuɓa ya ce aikin zai ɗauki shekaru, kuma jadawalin da ya ba ni yawancinsa gudu ne a hankali wanda ko haki ba na yi. Shin akwai hikima a biyan koci na dogon lokaci, alhali ana samun jadawalin mako 12 kyauta a intanet?

Tsohon Ɗan Tsere:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, wannan gudun a hankali da kake rainawa shi ne alamar cewa kocin ya san aikinsa. Binciken Stephen Seiler, masanin kimiyyar motsa jiki, a kan fitattun 'yan wasan juriya ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu mai sauƙi ne, wanda mutum zai iya yi yana hira, sauran kuma shi ne mai tsanani. Sabon shiga yakan maƙale a tsakiya, kullum yana wahala amma ba ya kai ƙarfin da zai ƙara masa sauri, kuma ba ya samun hutun da jiki zai murmure.

Dalilin da ya sa ake maganar shekaru kuwa shi ne zuciya da huhu suna sabawa da aiki cikin makonni, amma jijiyoyi da ƙasusuwa suna jinkiri ƙwarai. Mutum zai ji numfashinsa ya ƙaru, sai ya ƙara nisa, sai ciwon ƙauri ko na agara ya zaunar da shi. Jadawalin intanet bai san ka kwana ba ka yi barci ba, bai kuma san gwiwarka ta hagu ce ke fara ƙorafi ba idan nauyi ya yi yawa. Kocin da ya daɗe da kai yana da tarihinka a hannu, don haka idan bugun zuciyarka na safe ya haura yadda ya saba, zai rage maka aikin makon kafin abu ya lalace. Ka lura kuma cewa zangon Olamfik ninki biyu ne na wanda ka yi, iyo kilomita 1.5, keke 40, gudu 10.

Mai Koyar da Iyo:

Malam, na yarda da bayanin da ya gabata, sai dai ina da ja a wuri ɗaya. Idan kuɗinka ba su kai ga komai ba, ka fara kashe su a kan wanda zai tsaya a bakin ruwa yana kallonka. Keke da gudu suna saka wa mai naci, amma iyo fasaha ce, kuma wanda ya fara shi da girma yakan ɗaga kai don numfashi, ƙafafunsa su nutse, ya riƙa jan jikinsa da ƙarfin tsiya. Kocin da ke duba alƙaluman agogonka daga nesa ba zai ga wannan ba. Haka kuma iyo a buɗaɗɗen ruwa daban yake da na tafkin atisaye, domin babu layi a ƙasa da za ka bi, dole ka koyi leƙa alamar hanya ba tare da ka tsaya ba, ga kuma cunkoson hannaye da ƙafafu a farkon tsere.

'Yar Keke:

Abin da zan ƙara shi ne tambayar da ya kamata ka yi wa kocin: yaya ya tsara shekarar? Ya kamata ka ga watannin gina juriya, sannan na ƙara tsanani, sannan rage aiki gab da gasa, tare da mako mai sauƙi bayan kowane mako biyu ko uku na nauyi. Ya kamata kuma ya sa ka gudu nan take bayan sauka daga keke, domin ƙafa takan yi nauyi a kilomita na farko, kuma sabo ne kaɗai maganinta. Sauya kaya tsakanin iyo da keke da kuma tsakanin keke da gudu ma ana atisayensa, tunda agogo ba ya tsayawa, kuma doka ta ce sai ka ɗaure hular kwano kafin ka ɗauki keke. Idan ya kasa bayyana dalilin kowane atisaye, ko kuma ya fara zuga ka ka shiga Ironman, wato tirayatlon ta dogon zango mai keke na kilomita 180, tun yanzu, ka nemi wani.